Wadda Ta Miƙa wa Kaka Sanda

Kaka ta rasu, kuma ban samo mata matar da ta aike ni nema ba. Gara in faɗa tun yanzu. Masu turo min "congrats" na gama jarrabawar ƙarshe, na gani, na gode. Na yi ihu ranar, har da rawa a bakin get. Yanzu kam na gaji, ko amsa saƙo ba na iyawa.

Kakata ce ta wajen uwa, ta haura casa'in. Rabin 'yan unguwarmu ta Television sun bi ta ajinta a firamare, ko su ko iyayensu. Mas ɗin safe a coci ba ya wuce ta. Tana tafe tana jan carbinta na rozari, ni ina binta a baya ina haki, ta juyo ta ce, "Ƙawata, ƙafafun nan aro kika yi?" Da ƙuruciya 'yar gudu ce a makarantar Sistoci, ita ke ɗaukar zagayen ƙarshe a gudun miƙa sanda. Akwai wani ɗan kofi da ta ciyo, ya lotse ta gefe, a ciki take tara maɓallai da guntayen alli.

Bara lokacin azumin Ista ta kira ni ɗakinta. Na shiga ina latsa waya.

"Ke da yatsanki ba ya hutawa, abin nan yana nemo mutum?"

"Kaka, har wanda ya ɓuya ma."

"To zauna. Ajiye shi tukuna."

Ta ce a gasarsu ta ƙarshe, yarinyar da ke miƙo mata sanda bahaguwa ce. Sun yi wata guda suna gwaji, an koya wa Kaka hannun da za ta miƙa baya. Ranar gasa ihun mutane ya ruɗa ta, ta miƙa ɗayan hannun, sanda ta faɗi. Ta tsince ta, ta zuba gudu, ta zo ta biyu, aka yi ta tafa mata. Da Sista ta tambayi wanda ya yar da sanda, Kaka ta yi shiru. Aka cire waccan daga tim. 'Yan tim ɗin kuma su aka fara tura wa kwalejin malamai. Kaka ta tafi, waccan ta koma ƙauye. Daga baya ta ji an ce ta yi aure, mijin ya samu aiki a masaƙa, sun dawo Kakuri.

Na ce, "Kakuri? Nan Kakuri? Kaka, keke Napep ɗaya ne fa!"

"Na sani."

"Ba ki faɗa wa Fada ba?"

"Fada nawa na faɗa wa? Duk wanda aka kawo cocinmu sai na faɗa masa. Na yanzu ya ce, Mama, Allah ya yafe tun ba a haife ni ba, saura ita. Ki nemo min ita, ƙawata. Kofin nan nata ne."

Na ce wannan ai ƙaramin aiki ne, ta ba ni kwana biyu. Na karɓi sunan baftisma na yarinyar, na watsa a duk gurup ɗin da nake ciki. Kai! Ashe rabin tsofaffin cocinmu sunansu ke nan. Wani ya turo hoton gwaggonsa, wata ta ce kakarta ce amma ta rasu, kuma ba ta taɓa gudu ba sai dai ta sa a gudu.

Wata Lahadi na hau keke na je wani coci a Kakuri, na tare matan zumunta bayan Mas suna naɗe kayan kiɗa. Na rusuna na gaishe su, na faɗi sunan. Suka kalli juna.

"Maman wa?"

"Mama, ban sani ba."

"Matar wa?"

"Shi ma ban sani ba."

Wata mai ganga ta yi dariya. "'Yata, ni shekara talatin muna benci ɗaya da wannan, ban san sunanta na yanka ba. Kawo sunan ɗanta na fari, yanzu mu raka ki har ƙofar gida."

Ni da kaina a gida ban taɓa jin an kira Kaka da sunanta ba, da sunan kawuna ake kiranta. Amma na kwashe wata uku ina neman tsohuwa da sunan da aka daina kiranta da shi tun kafin a haifi mamata. Na dawo na tambayi Kaka ko ta san 'ya'yanta. Ta ce ina za ta sani, ita da take kauce wa hanyar Kakuri.

Daga nan jarrabawa ta taso. Na ce bari in gama. Duk lokacin da na zo hutun mako sai ta dube ni, ba ta tambaya, ni ma ba na cewa komai. Na gama ranar Juma'a, ta cika ranar Talata da rana, bayan Fada ya zo ya shafa mata man addu'a. Ina wurin. Ta riƙe hannuna, ta nuna saman kabad inda kofin yake, shi ke nan.

Kofin yana ɗakina yanzu, na juye maɓallan a leda.

Ban san ko matar na da rai ba. Idan babu ita, 'ya'yanta ko jikokinta sun isa. Ga abin da na sani: bahaguwa ce, doguwa, tana da tabon ƙuna a ƙwaurin dama, ta yi makarantar Sistoci ba ta wuce gaba ba, mijinta ya yi aikin masaƙa a Kakuri. Wataƙila ta taɓa ba ku labarin an cire ta daga tim kan laifin da ba nata ba.

Don Allah ku tura wannan gaba, musamman gurup na coci da na dangi. Wanda ke da tsohuwa a gida, ya karanta mata da ƙarfi.