Tasalla Ɗiyar Labbo Masaƙi

Tasalla ba ta san ubanta da yatsu ba. Tana da shekara uku kuturta ta kama Labbo, masaƙi a wata 'yar unguwa kusa da Tozai, aka kai shi asibitin kutare na 'yan mishan, tafiyar kwana da kwanaki. Bai dawo ba sai tana da shida, shekarar da sojoji ke dawowa daga yaƙin Bama. Ciwon ya lafa, amma ya riga ya cinye yatsun, saura dungu. Ya zo da wani baƙin littafi na boko a cikin gafaka, kuma tun daga ranar ba a sake ganinsa a masallaci ba.

Matarsa Hajjo ba ta guje shi ba. Ta ci gaba da sallarta, shi kuma da nasa, har ta haifa masa namiji aka sa masa Abu. Saƙa ta gagara, sai noma da hauyar da ake ɗaura masa a hannu da tsumma. Shafin littafi ma ba ya buɗuwa da dungu, don haka kullum da hantsi Tasalla ke zama gefensa a gindin rumbu tana buɗa masa. Ta haka ta koyi baƙaƙe, ta haka kuma ta fara jin labarin Isa Almasihu, wanda ya taɓa kuturu da hannunsa bai ji ƙyama ba.

Da farko ta ɗauka mutumin a garin Isa yake zaune, garin da ke da babbar kasuwa a yankinsu. Ranar da Hajjo ta tafi da ita kasuwar can, ta yi ta leƙen fuskokin mutane tun daga rumfar 'yan gishiri har zuwa kara, inda ake cinikin shanu. Da suka dawo ta ce, "Baba, na duba ko'ina ban gane shi ba." Labbo ya yi dariya har da hawaye, ya ce, "Ba nan yake ba, ɗiyata. Shina jin ki dai ko daga gindin rumbun ga."

Yaran unguwa suka jefa ta cikin kuskure na biyu. A bakin rijiya ba mai taɓa gugarta, suna ce mata ɗiyar mai addinin kutare. Sai ta gaskata cewa duk wanda ya bi Almasihu yatsunsa za su zube. Wata guda tana duba jikinta tana neman tabo, ta kuma daina cewa amin in uban ya yi addu'a. Da ya lura ya tambaye ta, ta faɗi gaskiya tana kuka.

"Ciwon na riga na samu kafin in san shi," in ji Labbo. "Ba shi ya ba ni ba. Abin da ya yi, ya iske ni a ciki, lokacin da ko ƙanena bai iya cin tuwo da ni."

Tana da shekara takwas kawunta Attahiru ya zo, yayan Hajjo, falke mai kai goro da sawaye, wato farin saƙi, Maraɗi. Bai shiga gidan ba, daga ƙofa ya tsaya. Ya ce malamai sun gaya masa aure ya mutu tun ranar da Labbo ya bar salla, zaman da ake yi haramun ne, shi kuma ba zai zuba ido ƙanwarsa ta tashi cikin wuta ba. Ba don mugunta yake yi ba, tsoro ne ya cika shi. Aka je gaban alƙali, aka tambayi Labbo sau uku ko zai tuba, sau uku ya ce ba ya iya ƙaryata abin da zuciyarsa ta riƙe. Alƙali ya raba auren.

Hajjo ta goya Abu za ta koma gidansu a Kamarawa. An ce ta tafi da yaran duka biyu, amma ta dubi hannun Labbo, ta ce wa yayanta, "Wa zai ɗebo mishi ruwa? A bar mishi yarinyar." Ta juya ga Tasalla ta ce, "Ki kula da wuta. Ubanki bai jin ƙuna, sai ya toye bai sani ba."

Tun daga nan Tasalla ke daka, ke girki, ke ɗaure wa uban miki. Akwai addu'ar da suke yi kowace safiya, wadda a cikinta ake roƙon gafara tare da alkawarin yafe wa masu laifi. Duk lokacin da aka zo wurin sai ta kame baki.

"Mi ya sa kike tsallake nan?" in ji uban.

"Ban yafe ma Kawu ba. In na faɗi, na yi ƙarya."

"Ni ma ban gama ba," ya ce. "Faɗi nike don in samu iko. In ba ki iyawa, ki bari, kar ki yi mishi ƙarya."

Shekara biyu bayan haka, da bazara, sanƙarau ya shigo ƙasar. Aka hana cin kasuwa, ana binne mutum uku, huɗu a yini. Labari ya zo Abu ya kwanta, wuyansa ya sandare. Tasalla ta yi yini uku tana roƙo, ta yi alkawarin in ya tashi za ta yafe wa kawunta nan take. Rana ta huɗu wata mai tallan nono ta kawo saƙon rasuwar.

Ta ɗauki littafin ta wurga cikin toka. Labbo ya rarrafa ya tallafo shi da dungunsa, ya goge a riga, bai tsawata mata ba.

"Ka ce shina ji!" ta ce.

"Shina ji."

"To mi ya hana shi?"

"Ban sani ba, Tasalla. Shekara uku ina roƙon yatsuna, ga hannun kin gani. Shi kanshi Almasihu ya roƙa a ɗauke mishi wahala, ba a ɗauke ba, aka kafa shi a gungume. Ba ciniki na ba, ɗiyata. Abin da na sani, ya san zafin, kuma kabari bai riƙe shi ba."

Ta tashi ta bar masa wurin. Kwana tara ba ta buɗa masa shafi ba. Ran na goma ta same shi kwance yana riƙe da ƙeya, jikinsa kamar garwashi. Ya roƙe ta ta karanta masa wurin da aka je kabari aka iske shi fayau. Ta karanta tana haɗa baƙaƙe da ƙyar. Kafin la'asar ta washegari ya cika.

Liman ya ce ba a yi masa salla, ba a kuma kai shi maƙabartar Musulmi. Jibrilla, wani dattijon makiyayi da ke sa shanunsa a gonar Labbo bayan girbi, shi ya zo da magirbi ya haƙa rami a gindin wata aduwa a ƙarshen gonar. Ya ce shi bai san addinin mutumin ba, amma ya sha ruwan gidansa shekara ashirin. Da suka rufe, ya ce, "Ke kin san abin da ake faɗi. Faɗi, ina tsaye." Tasalla ta yi addu'ar safiya. Da ta zo wurin yafewa ta tsaya jim, sannan ta faɗe shi, ba ta ma tabbata ko da gaske take ba.

Attahiru ya zo da jaki ya tafi da ita Kamarawa. Da suka kusa gari ya miƙo mata dabino uku. Hajjo ta rame har Tasalla ta kusa kasa gane ta. Da Hajjo ta ga gafakar littafin, ta karɓa ta tura ƙarƙashin dawa a cikin rumbu, ta ce, "Ran da maza suka tafi gona ki ɗauko. Ni ban gani ba."

A Kamarawa Tasalla ta girma, ta zama ungozoma, rabin yaran unguwarsu a hannunta suka faɗo. Sai da ta haura shekara ashirin ta fara ganin wani Kirista ban da ubanta, wani malamin allura da aka turo rangadi. Ya tambaye ta a wace majami'a aka koyar da ita. Ta ce ba ta taɓa shiga ko ɗaya ba, ta kuma roƙe shi ya nuna mata yadda ake waƙoƙin majami'a, don ubanta ba shi da muryar waƙa.