Alwala da Rinin Rawani a Kan Dutse

A shekarun da na zauna a birnin Guangzhou na ƙasar Sin ina taya ɗana duba kayan da muke aikawa Kano, ban cika barin unguwar Xiaobei ba sai in masallacin Juma'a zan je. Wani aminina, Alhaji ne mutumin Maraɗi mai sarin fitilu, shi ya matsa mini mu je mu ga jajayen duwatsun Danxia da hukuma ta killace a arewacin lardin. Na amsa masa, domin duban halittar Ubangiji da yin tunani a kanta yana cikin ibada.

Da muka haɗu a tashar jirgin ƙasa sai na gan shi cikin farar babbar riga, ya naɗa sabon rawani ɗan Kura, irin wanda rinin baba ke sheƙi a jikinsa, ruwa bai taɓa taɓa shi ba.

Na ce, "Alhaji, dutse za mu hau ko ɗaurin aure aka gayyace mu?"

Ya ce, "Malam, ku Kanawa kuna rina shi, mu muka san darajarsa. Ba zan shiga cikin baƙin mutane kamar ɗan dako ba."

Mun yi azahar a gindin dutsen, sama garau. Muka hau matakala a hankali irin na tsofaffi, muna tsayawa muna tasbihi saboda kyawun wurin. Muna dab da ƙololuwa hadari ya taso daga bayan duwatsu, kafin mu kai wata rumfa ta masu yawon buɗe ido ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya. Ni dai na jiƙe kawai. Alhaji kuwa rawaninsa ya saki rini, fuska da gemu da hannuwa duk suka koma shuɗi, rigar ma ta bi sahu. Mutanen da ke cikin rumfar suka riƙa rufe baki suna dariya, ni ma na kasa riƙe tawa.

Shi bai yi dariya ba. Ma'aikatan wurin sun rufe hanyar sauka saboda santsi, lokacin la'asar yana ta tafiya, ga shi ba shi da alwala. Mutum ne da tun balagarsa bai yarda salla ta fita daga lokacinta ba. Ya duƙa yana dirzar hannunsa da dutse. Ya roƙi wata tsohuwa mai sayar da dafaffiyar masara sabulu, ta girgiza kai ta ce, "Meyo," wato babu.

Ya dube ni ya ce, "Malam, ruwa ba zai taɓa fatata ba, wannan abu ya rufe ta. Yau salla za ta wuce ni saboda ado."

Na zaunar da shi na yi masa bayani. Abin da ke hana alwala shi ne mai kauri da ke tsayawa tsakanin ruwa da fata, kamar fenti ko kakin zuma. Launi zalla ba ya hanawa, da yana hanawa da matan da suka yi lalle ba su yi salla ba. Sai dai da sharaɗi guda: ruwan da ke zuba daga rawanin ya canza launi, bai halatta a yi tsarki da shi ba. Dole ya tuɓe rawanin, ya tari ruwa kai tsaye daga sama.

Ya ce, "In tsaya kai ba rufi a gaban matan mutane?"

Na ce, "Alhaji, ko rawani ko la'asar."

Sai ya warware rawanin ya miƙo mini. Sanƙonsa ma ya rinu. Ya fita bakin rumfa ya tara hannuwa, ya yi alwala a tsanake, gaɓa bayan gaɓa. Tsohuwar nan ta fahimci abin da muke shiri, ta janye tukunyarta gefe, ta shimfiɗa mana kwali. Muka fuskanci yamma, domin a can alƙibla take a ƙasar Sin, muka yi raka'a biyu ta matafiya, ruwa yana dukan rufin rumfar.

Da muka sallame akwai sauran hasken rana a bayan gajimare. Alhaji ya dubi shatin goshinsa da tafukansa shuɗi a kan kwalin, ya yi hamdala, sannan dariyar da ya riƙe tun ɗazu ta ƙwace masa.