'Yan Sheƙa

Ko na tsufa na ruɗe, ba na jin zan manta ranar da na yi wa wata yarinya jaje da abin da na ɗauka albishir ne.

'Yar Poland ce, shekararta talatin, muna aiki tare a gidan kula da tsofaffi a unguwar Woolwich da ke Landan. Mama take kirana, kamar yadda ta ji sauran yaranmu na kirana. Rannan na tarar da ita a kicin ta zuba wa shayi ido har ya huce. Ta ce mai gidan da take haya ya sayar, ta nemi ɗaki ta rasa, za ta koma ƙasarsu wajen mahaifiyarta.

Ni da bakina ba ya jiran shawara, na ce, "To mene ne na damuwa? Gida fa za ki. Mu a wurinmu 'ya mace tana gaban uwarta har ta yi aure, kuma mutunci ne."

Ta yi wata dariya marar daɗi. Ta ce, "Mama, mu kuma suna gare mu na irina. 'Yan sheƙa. Tsuntsun da ya yi gashi amma bai tashi ba." Ta ce a wajensu ba aure ne girma ba, ba kuma shekaru ba, girma shi ne ka rufe ƙofar da take taka. Ta yi digiri, ta yi shekaru tana wanke tsofaffin wasu, ga shi za ta koma gadon da ta kwanta tana firamare. Rabin ƙawayenta ma haka suke, sun daina zancen gobe.

Da na koma gida a unguwar Barking na leƙa ɗakin ɗana. Ya kusa talatin, yana aiki, ƙafarsa na leƙowa ƙarshen gado. Kullum ina yi wa mutane alfahari bai taɓa barin gabana ba. Na ce, "Babana, kana jin daɗin zama da ni?"

Ya amsa da Turanci, a hankali, cewa ai ba shi da inda zai je.

Ita ta tafi, ban ƙara jin labarinta ba. Ni kuwa na koyi cewa ba duk ɗan da ke gabanka ne yake zaune ba. Wani makalewa ya yi, kunyarka ce ta hana shi faɗa.