Kumfa a Man Birki

Mota ɗaya ce, mu biyu muke cin abinci a jikinta. Tsohuwar bas ce ta wani kamfanin robobi a Challawa. Ni nake jan ta da safe, in kwaso ma'aikata daga Kumbotso da Zawaciki da Panshekara, bayan azahar kuma in miƙa makulli ga direban yamma, wani siririn ɗan Jigawa da ya zo kamfanin a bayana. Yaya yake ce mini, har da rusunawa in zai gaishe ni. Ni kuwa, Allah ya gani, mutumin da ladabinsa ya yi yawa ban cika sakin jiki da shi ba.

A waccan shekarar manajan sufuri ya kira mu ofis ya faɗa mana ƙiri-ƙiri: motar ta ishe su da gyara. Duk ranar da ta sake kawo babban aiki za a jingine ta, a ba wa ɗan kwangila jigilar ma'aikata. Bai ce za a sallame mu ba, amma wa zai ajiye direba ba mota? A wajen mai shayin bakin get kuma aka yi ta raɗe-raɗin cewa ɗan kwangilar zai ɗauki mutum ɗaya a cikinmu, wanda ofis ya yaba da hannunsa. Ina da yara a makaranta, ga tsohuwa a gida. Daga ranar na shiga lallaɓa motar nan kamar mai jego.

Sai birki ya fara yi mini laushi. Birkin da na sani, ina ɗora ƙafa yake amsawa, sai ga shi ina takawa kamar na taka soson katifa. In na yi masa famfo sau biyu ko uku ya taso ya yi tauri, in na bar shi ya huta ya koma lagwab. Kowane direba ya san wannan: birki ya sha iska. Iska kuwa ba ta shiga haka siddan, sai mai ya ragu a kofi. Na buɗe kofin man birki, sai na tarar da shi cike har wuya. Washegari ma cike. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne murfin. Ko'ina a wurin datti ne da maiƙo, shi kaɗai ne tas, har da shatin yatsu a jikinsa.

Na tari direban yamma wajen miƙa makulli na ce, "Kai, birkin nan lafiya kake jin sa?"

Ya ce, "Lafiya lau, Yaya." Idonsa na kan takalminsa.

To fa. Ranar kafin in ba shi mota na ɗora wani ɗan tsinke a kan murfin kofin, yadda in dai an murɗa sai ya faɗi. Da safe babu tsinke. Zuciyata ta ce shi ke nan, yaron nan so yake birki ya tsinke a hannuna, a ce ni ne na kashe mota, shi ya haye kujerar ɗan kwangila. Abinci ma daina yi mini daɗi ya yi. In ya gaishe ni sai in riƙa kallon hannunsa ina neman alamar mai. In na gan shi tsaye da masu gadi suna dariya, sai in ce da ni suke.

Wata safiya, mota cike da mata masu aikin tsintar roba, wani mai keke napep ya ci birki a gabana ba sigina ba komai, dab da kwanar shiga Challawa. Na taka, feda ta tafi har ƙasa. Innalillahi! Na yi ta famfo kamar zan fasa ƙasan motar, na finciko birkin hannu, muka tsaya hancin bas na shafar bayan keken. Matan suka ɗauki salati. Wata dattijuwa da ke bayana ta dafa kafaɗata ta ce, "Direba, ka ji tsoron Allah, marayu na baro a gida." Na lallaɓa a hankali na kai su kamfani.

Da direban yamma ya zo karɓar makulli na ƙi ba shi. Na ce, "Shiga, Sharada za mu." Ya buɗe baki zai yi magana, na ce wallahi in ya ce uffan a nan za a ji kanmu. Muka tafi a giya ta biyu, hannuna a kan birkin hannu.

Bakaniken da nake kai wa aiki wani dattijo ne mai gajen haƙuri, garejinsa a gindin katangar wata masaƙa da ta daɗe a rufe. Ya hau ya yi famfo, ya danne feda ya riƙe. Muna kallo ƙafarsa na nutsewa a hankali. Ya ce, "Iska akwai, amma ba ita kaɗai ba ce. Iska zalla in ka riƙe tsayawa take. Wannan yoyo yake yi." Ya zagaya ya leƙa cikin tayoyi ɗaya bayan ɗaya, ya tsaya a ta baya ɓangaren fasinja, ya shafo danshi ya nuna mini.

Ya ce sai an yi bilidin, wato a fitar da iskar ta ɗan bakin da ke bayan kowace taya, a ga abin da zai fito. Yaransa sun tafi Ƙofar Ruwa sayen kaya, don haka ɗayanmu ya hau feda, ɗaya ya riƙa ƙara mai a kofi kada ya ƙafe. Nan na tsaya cak. In na ba wa direban yamma kwalbar mai, me zai zuba? In na ba shi feda, ya saki ƙafa kafin a ɗaure, iska ta sake komawa, wa zai gani? Bakanike ya daka mini tsawa, "Malam, kwana za mu yi a nan?" Na ture yaron kan kujera. Na cika kofi da hannuna, na ruga na tsuguna kusa da bakanike don in gani da idona.

Daga tayar da ta fi nisa da masta, wato uwar famfon birkin da kofin yake kanta, aka fara. "Famfo!" Muka ji feda na fat-fat. "Riƙe!" Daga sama ya amsa, "Na riƙe." Bakanike ya sassauta da sifana, abin ya yi tsartuwa, ya ɗaure. "Saki!" Na kasa kunne ko zan kama shi ya saki da wuri. Ko sau ɗaya bai yi ba, kuma hakan ma haushi ya ba ni.

Abin da ya zubo a gwangwani ba mai ba ne. Wani ruwa ne ja-ja mai tsatsa, da farar kumfa a kansa wadda ta ƙi kwanciya. Bakanike ya murza a yatsa, ya kai hanci, ya dube ni. "Wane mara imanin ne yake zuba wa motar mutane ruwan omo?"

Kai! Ban san lokacin da na kai ƙofar direba ba. Na ci kwalarsa na jawo shi ƙasa. Na ce, "Kashe ni za ka yi saboda kujera? Da ni da matan mutane?"

Bai ƙwace ba. Ya ce, "Yaya, ku saurare ni." Wai shi ya fara ganin yoyon. Ya san in ya je sito neman man birki za a tambayi dalili, magana ta kai ofis, a jingine mota. Da farko da kuɗinsa yake saya yana zubawa, da abin ya fi ƙarfinsa sai ya koma dabarar da ya gani a tasha. Wani lokaci kafin ya ankara kofin ya ƙafe, ta nan iska ta shiga. Ya ce, "Na san halinku, in kun ji sai kun faɗa. Ni ma fa ita nake tuƙawa, Yaya. In ta kashe ku, ni za ta bari? Abincinmu nake karewa, mu biyu."

Na sake shi. Maganar ta shiga, amma ba ta zauna ba.

Bakanike ya ce ruwan ya riga ya yi ɓarna, masta ta ci tsatsa, tukwanen birkin da ke cikin tayoyi ma haka, duk sai an sauya. Zai iya wanke layin ya zuba sabon mai, feda ta taso ta yi kwana biyu, amma shi ba zai ce a ɗauki rai a ciki ba. Yaron ya riƙe hannuna ya ce mu yi hakan, mu lallaɓa zuwa ƙarshen wata. Na so in yarda, wallahi na so. Sai muryar dattijuwar nan ta dawo mini.

Ni na je ofis da ƙafata. Na ce birki ya mutu, ga abin da bakanike ya ce. Manaja ya tambaya a hannun wa. Na ce a hannuna ta ƙi tsayawa, don gaskiyar ke nan. Maganar omo ban yi ba. Na ce a raina yaro ne, yana da iyali, kada in ƙara masa. Aka jingine bas a bayan sito, mako bai cika ba aka ba mu takardar sallama tare. A bakin get ya rungume ni yana hawaye.

Na koma jan keke napep na wani maƙwabcina. Wata safiya na sauke fasinja a kwanar Challawa, sai ga sabuwar bas ta ɗan kwangila tafe, cike da matan nan da na saba ɗauka. Ta rage gudu, birkinta ya kama tsaf ba ko ƙara. Gilashi ya sauka.

"Yaya! Ina kwana?" Har da ɗan rusunawa a kan sitiyari.

Na ɗaga masa hannu. Har yau in na kwanta nakan juya maganar: tsoro ne ya sa shi zuba ruwan nan, ko kuwa ya san halina ne sarai, kamar yadda ya faɗa da bakinsa, ya bar ni na kai kaina ofis? Na baya suka dame ni da hon, na ja kekena na ba su hanya.