Yadda Na Auna Ƙarfin Motata Da Irin Masarar Aminina

Ina gaida edita da masu karatu, da fatan ana lafiya. Lokacin da abin da zan faɗa ya faru, ni dattijo ne da furfura har gemu, na dawo gida Kontagora na zauna bayan na ƙarar da ƙuruciyata a kan hanya. Na fara da tuƙo motoci daga Kwatano, na yi jigila zuwa Agadas, na zauna a Jidda, na yi aiki a wani gareji a Jamus, daga ƙarshe na koma sayo kayan gyaran mota daga Dubai. Ina jin Faransanci da Larabci da Yarbanci, Jamusancina kuwa ya isa in yi ciniki, in ta kama in yi faɗa. Yawon nan ya bar mini wata cuta guda, wato kwatance. Ba a kawo mini shayi ban ce na Agadas ya fi kauri ba, ba a gyara mini taya ban faɗi yadda ake yi a Jamus ba. Maiɗakina takan ce ko ruwan sama aka yi sai na ce na wata ƙasa ya fi jiƙa mutum.

Ina da wata tsohuwar mota ƙirar Jamus, mai ja da ƙafafun baya, wadda na daɗe ina yi wa ƙare-ƙare. Na canja mata salansa, na faɗaɗa mata hanyar shan iska, na ƙara mata ƙarfin birki. A tafiyata ta ƙarshe zuwa Dubai na sayo abin da samarin can suke haukacewa a kai, wato kayan naitiros. Wata iska ce a cikin tukunya kamar ta gas ɗin girki, sai dai siririya. Idan ta shiga inji takan ba wuta abincin da ya fi na iskar duniya, sai injin ya ƙona mai da yawa a lokaci guda, mota ta zabura kamar an tsikare ta. Da hannuna na haɗa komai a ƙofar gida. Na ɗaure tukunyar a but, na ja tiyo ta ƙarƙashin mota har gaba, na sa bakin feshi biyu, ɗaya na iskar ɗaya na ƙarin fetur, domin idan iskar ta shiga babu isasshen mai, fistin narkewa yake yi. Na canja fulogi, na ja taimin baya kaɗan, na sa maɓalli ja kusa da giya, na haɗa shi yadda ba zai yi aiki ba sai an take totur har ƙasa. Aiki ya yi kyau, ni kaina na yaba wa kaina.

Saura gwaji. A Dubai na ga yadda suke yi: akwai wata na'ura da suke kira daino, a hau da mota kan wasu manyan ƙarafa masu juyawa, a ɗaure ta, a taka ta tana tsaye wuri ɗaya, allo ya nuna ƙarfinta kafin iskar da bayan iskar. Na tambaya a nan, aka ce sai dai in gwada Abuja ko Legas. Na ce to zan fita titi kawai in danna in ji. Nan maiɗakina ta tsaya a bakin ƙofa, ta ce Alhaji, titin da tireloli suke bi dare da rana ba wurin wasan tsoho ba ne, kuma ba ta yi shekarun nan tana jirana daga ƙasashen mutane don ta zo ta rasa ni a bayan gari ba. Sai da ta sa na yi mata alkawari ba zan taɓa maɓallin nan mota tana tafiya ba. Haka na zauna da iska a but da alkawari a wuya, kullum in buɗe mota in kalli jan maɓalli in rufe.

Ina da wani amini, Bakambare, manomi a wani ƙauye ta wajen Ibeto, dattijo ne a cocinsu. Tun muna samari muke tare, shi yana kirana Alhaji Yawo, ni ina kiransa Sarkin Noma. Da kaka ya kira ni yana ƙorafi, wai injin da yake juya masa na'urar casar masara ya mutu, ga masara jibge a fili, ga awaki sun sa ido. Yana magana sai na tuna abin da na taɓa gani a hanyar Agadas, inda aka ɗaga ƙafar mota aka sa bel tana juya famfon ruwa. Na ce masa ya kwantar da hankalinsa, gobe ina tafe da injin da ya fi nasa. A raina kuwa murna nake yi: ga daino Allah ya kawo mini har gida. Mota za ta yi aiki tana tsaye, alkawarina bai karye ba. Zan casa tuli ɗaya ba iska in duba agogo, in casa wani da iska in duba agogo, bambancin shi ne ƙarfin.

Da hantsi na isa. Muka ɗaga ƙafar baya guda da jak, muka cire tayar, muka sa wili tsirara, muka ɗora bel daga nan zuwa na'urar, sauran ƙafafun muka tokare su da duwatsu. Na sa giya ta biyu na taka a hankali. Wallahi abin gwanin sha'awa, tsaba tana zuba ta nan, totuwa tana fita ta can, mata suna shiƙa suna guɗa. Aminina yana zuba masara yana dariya, wai ashe yawon nan nawa yana da rana, wannan ne karo na farko da Jamus ta amfani ƙauyensu. Daɗi ya ɗebe mu, aiki ya yi ta tafiya, ban farga ba sai da na ga fili ya yi fes. An cashe komai, ni kuwa ban taɓa maɓallina ba.

Sai idona ya faɗa kan wani tuli a gindin rumbu, an shimfiɗa masa tabarma daban. Jar masara ce, manya-manya, zaɓaɓɓu. Na ce a kawo wancan. Aminina ya ce a'a, wannan iri ne. Ya gaje shi daga mahaifinsa, iri ne mai nuna da wuri tun ana tsakiyar damina lokacin da rumbu ya yi ƙasa, kuma babu shi a kasuwa. Kowace shekara shi da matarsa suke zaɓa ɗaya-ɗaya, su ɓare da hannu, domin ƙwayar da ta fashe ba ta tsira. Ni kuwa na buɗe bakin nan nawa. Na ce a Turai wa yake ɓare iri da hannu, ai duk inji ne. Na ce ya duba tsabar da muka casa, ko ya ga ɗaya da ta fashe. Na ce zan hutar da Mama, wato matar tasa, ciwon yatsu na mako guda. Matarsa ta ce Alhaji, yatsunta ba su kai ƙara wurin kowa ba. Amma shi ya dube ni, ya ce tunda Alhaji Yawo ya ga duniya, a zuba. Ban gaya masa gwaji zan yi ba. Ban kuma gaya masa maɓallin ba ya aiki sai an take totur har ƙasa ba.

Aka juye tulin duka a bakin na'ura, na take, na danna. Abin da ya biyo baya ban taɓa jin irinsa ba a duk ƙasashen da na je. Motar ta yi wata kururuwa, na'urar ta kama rawa tana tsalle a kan ƙafafunta, totuwa ta dinga fita kamar ana harbi. Awaki suka tsinke igiya, kaji suka haye danga, wani maƙwabci da ya zo kallo ya kwanta rub da ciki a bayan turmi yana kiran sunan Allah da harsuna biyu. Kafin in ɗaga ƙafa bel ya tsinke ya tashi sama ya sauka a kan jinkar rumbu. Allah ya tsare, ko ƙwarzane babu wanda ya yi. Da ƙura ta lafa kowa ya fashe da dariya, har da aminina, yana riƙe da ciki yana tambayata ko haka ake casa a Dubai. Sai matarsa ta durƙusa ta ɗebo abin da ya zubo, ta buɗe tafin hannunta a gabansa. Babu ƙwaya ɗaya mai rai, duk ya zama tsaki. Dariyar ta tsaya. Bai yi mini faɗa ba, abin da ya fi ci mini rai ke nan. Ya daɗe yana juya tsakin da yatsa, sannan ya ce a kawo wa baƙo ruwa.

Na dawo gida na faɗa wa maiɗakina komai. Ta ce lallai na cika alkawari, ban kashe kaina ba, gadon mutane na kashe. Washegari na koma na ce masa zan sayo masa irin zamani mafi kyau. Ya ce na gode Alhaji, amma wannan ba shi ba ne. Matarsa ce ta kawo mafita. Ta ce shekara da shekaru maigidan nan ba ya hana kowa irin nan, duk 'yar da aka aurar sai ta tafi da ɗan ƙunshi, duk baƙon da ya yaba sai an damƙa masa. Ta ce tunda motata tana da ƙarfi haka, sai ta nuna shi a hanyar ƙauye.

Haka muka shiga yawo ni da shi kafin ruwa ya sauka. Motar da na shirya don tsere ta koma tafiyar jaki, giya ɗaya, tana gogar ciki a kwazazzabai, masu babur suna wuce mu suna yi mana sannu. Mun je gidajen 'ya'yansa ta wajen Bangi, wata ta ce ta cinye nata, wata ta ce nata ya gauraye da farar masara. A kowane gida sai ya sa ni in faɗi abin da ya faru da bakina, kuma in na rage wani abu sai ya ce Alhaji ka manta da awaki. A kusa da Bobi muka sami wani Bafulatani da aminina ya taɓa ba wa 'yan ƙwayoyi shekarun baya, yana shukawa a bayan ruga inda shanu suka kwana. Ya shiga bukka ya fito da damin jar masara da ya rataye a ciki, hayaƙi ya dafa bayanta. Aminina ya ɓare ƙwaya ɗaya ya ciza, sai na ga idonsa ya ciko. Ya ce ita ce. Da wannan da ɗan abin da muka tsinta nan da can ya shuka kadada ƙarama a waccan damina. A ta biyu iri ya dawo yadda yake. Ni aka ba aikin ɓarewa da hannu, Mama tana zaune tana duba ni, tana tambaya ko yatsuna sun kai ƙara.

Har yau ban san ƙarfin da iskar nan ta ƙara wa motata ba. Na cire tukunyar, kuma na gane tun farko na'urar casa ba ta iya auna komai, ni ma na san haka, son danna maɓalli ne ya rufe mini ido. 'Yan'uwana masu son ƙarfe, musamman matasa da na ga sun fara sayo irin kayan nan, ku kai mota inda aka tanada don gwaji, ko da nisa, kada ku gwada a titi, kada ku gwada a kan kayan wani. Ku kuma tsofaffin matafiya irina, ku yi hattara da kalmar nan ta cewa a ƙasa kaza haka ake yi. Aminina bai yarda da inji ba, da ni ya yarda, shi ya sa ya ce a zuba.