Albasar Tsibiri

Ni ban yi boko ba, a bakin murhun kakata Inna Dije na yi nawa karatun, can 'Yandoto. Da an idar da magariba sai ta tura gyaɗa cikin toka, ta ce, "Wanda ya yi gyangyaɗi ba shi da rabo." Ba ta wasa, ni ma ita na gado.

Akwai tatsuniyar da ta fi so. Sarkin Tudu da Sarkin Fadama suka yi alkawari gulbi ne iyakarsu. Sai gulbin ya rabu biyu, tsibiri ya fito a tsakiya, abin da alkawarin bai ambata ba. Mutanen Tudu suka dasa albasa a kai. Duk shekara su aika wa Sarkin Fadama kwandon farko, ya karɓa, ya aiko da godiya: Allah ya albarkaci gonarku. Da ya mutu, ɗansa ya ce tsibirin nasa ne. A nan Inna kan buga cinya. "Sai wata tsohuwa ta ce mai, yaro, ubanka ya gode ko ya yi ƙara? Kunya ta kashe shi tsaye!" Mu kuwa dariyar sarkin kawai muke yi.

Bayan rasuwar maigidana a Bungudu, Alhaji Sani, ɗan maƙwabcinmu, ya zo da takardar da iyaye suka rubuta, wai kwarin da nake shuka dawa nasu ne, don takardar ta ce iyaka "bakin kwari", ba ta faɗi wane baki ba. Kwarin nan shi ke ciyar da marayuna. A gaban mai gari ya yi ta kaɗa takarda.

Na ce, "Alhaji, kowace kaka wa ke aiko ka roƙon izini shanunku su ci karan kwarin?"

Ya ce, "Baba."

"To, mutum na neman izini a ƙofar ɗakinsa?"

Dattawa suka fashe da dariya. Mai gari ya ce magana ta ƙare.

Jikata da ke karatun lauya ta ce har ƙasashe haka ake yi musu: in sun yi gardama kan yarjejeniya, sai alƙalai su duba yadda su da kansu suka bi ta shekara da shekaru. Na ce ashe manyan duniya sun waye. Tun ranar, ko akuyar maƙwabci ce ta ƙetare mini kunyar gona, ba na yin shiru. Na san shirun yau shi za a kira shaida gobe.