Shekara Biyu Ina Share Gonar Baba

Da mahaifinmu ya rasu, gonarsa ta hanyar Maiyama ta faɗo a rabona. Ni kuwa a Jega nake koyarwa, noma sai dai na ƙarshen mako. Na ga ƙasar ta gaji, na ce zan bar ta ta huta shekara biyu. Sai dai ina tsoron in ta yi ciyawa a ce ba ta da mai ita. Don haka duk damina nakan sa a bi ta da garmar shanu, a yi feshin maganin ciyawa. Ko tsinke ban bari ya tsiro ba.

Maƙwabcin gonar wani dattijo ne, sa'an mahaifina. Duk lokacin da na zo zan tarar da shi tsaye a kan iyaka yana kallon gonata. Ran nan ya ce, "Ɗana, ka bari in watsa wake cikin gonar ga, ko rabi. Ƙasa ba ta son zama tsirara."

Na ce, "Baba, hutawa take yi."

Ya koma kan aikinsa. Ni kuma na riƙe maganar. Na san yadda ake yi: bana aro, baɗi a ce tun kakanni ake noma wurin.

A shekara ta uku na shuka masara, na zuba taki daidai ƙarfina. Ta tsiro lafiya, sannan ta tsaya cak. Ganyen ya rine ya koma ruwan hanta, karan kamar tsinken tsire. Masarar dattijon kuwa, taku goma tsakani, ta kai ƙirji. Ina zagayawa wata safiya sai na ga ƙananan ramuka biyar a gonata, an haƙa an mayar da ƙasa. Na tona ɗaya da hannu ina neman laya ko ƙaho, ban ga komai ba. Rashin ganin ma ya ƙara mini zargi.

Na same shi a gindin kirya yana gyara ƙotar fartanya.

"Baba, wa ya yi tono a gonata?"

"Ɗiyata ta," in ji shi. "Karatun ƙasa takai jami'ar Aliero. Ni nis sa ta."

"Ba a tambaye ni ba."

"Da an tambaye ka, ka yarda?"

Na juya na yi tafiyata.

Bayan mako guda 'yar ta zo, ta durƙusa ta gaishe ni. Ta tumɓuke masara ɗaya a gonata, ɗaya a tasu. Saiwar tasu ta riƙe ƙasa dam, tawa kuwa ƙasar ta zube ta bar ta fayau. Ta ce, "Yaya, akwai wasu zarurruka a ƙasa, dangin naman kaza ne, ido ba ya ganinsu. Suna manne wa saiwa, su jawo mata abinci da ruwa daga inda ba ta kaiwa, ita kuma ta ciyar da su. In babu saiwa mai rai, yunwa ke kashe su. Shekara biyu ka hana su ko ciyawa, ga garma tana tsinka su." Ta ce abin da ta gani ke nan a ƙasar da ta ɗiba.

Maganar ta shiga kunnena, amma na lura maganin da ta kawo shi ne wanda ubanta ya nema tun farko: a shuka wake. Abin da ido ba ya gani kuma kowa na iya faɗin abin da ya so a kansa.

Damina ta gaba na raba gonar biyu da kaina, ban gaya wa kowa ba. Rabi wake da dawa, rabi na sake sharewa. Da shekara ta zagayo na sa masara duka. Ɓangaren waken ya yi kyau, ba kamar na dattijon ba, amma na ɗaure dammuna. Ɗayan ya sake tsugunewa.

Na kai wa dattijon buhun masara har gida. Ya karɓa, ya sa albarka, ya tambayi lafiyar iyali. Bai ɗaga zancen ba, ni ma ban ba shi haƙuri ba, abin da har yau yake damuna. A hanyar komawa Jega ruwa ya tare ni, na fake a wata rumfar masu albasa har la'asar.